Ba Ta Taɓa Fashin Aji Ba

Shagon ɗinkina a jikin gidan su Auta yake, tagar bayan shagon kuma tsakar gidansu take kallo. Taga ce mai ƙarfe da raga, ko yatsa ba ya wucewa, amma magana tana wucewa, har wadda ba ka nema ba. A duk faɗin gidan, bakin tagar nan ne kawai sabis yake zama. Ka matsa ciki wajen ɗakuna, waya ta zama madubin duba fuska. Shi ya sa a kunnena aka yi karatun Auta, shi ya sa kuma nake da bakin ba da labarin nan.

Auta ita ce ƙaramar gidan, sai dai sunan kawai ta samu, gatan ya wuce ta. Jami'a ta ɗauke ta karatun lafiyar al'umma daidai lokacin da mahaifiyarsu, Inna, ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Babban wansu, wanda kowa ke kira Yaya har da ni da na girme shi, shi ya yanke cewa ta intanet za ta yi karatun. Ya ce zamani ya zo da sauƙi, digirin duk ɗaya ne, ga ta a gida ga ta a aji. Dangi suka yi ta yaba masa da hangen nesa. Babu wanda ya tambaya wa zai riƙa juya Inna idan ajin ya zauna.

Akwai kwas ɗaya da ya tsaya mata a wuya, na ƙididdiga. Ta faɗi shi bara. Dokar makarantar kuwa, wanda ya faɗi shi sau biyu an sallame shi, babu roƙo babu ban baki. Wannan zangon shi ne damarta ta ƙarshe, kuma kowa a gidan ya san da haka, don ta faɗa musu da bakinta.

Da hantsi ake darasin. Farkon zangon nakan gan ta ta raga, ta jawo 'yar kujerar tsugunno, ta jingina wayar a bakin taga, littafi a cinya, biro a hannu. Malamin yana da murya mai daɗi kamar ta mai karanta labarai, idan ya fara ba ya tsayawa sai lokaci ya cika. Ba a nisa sai a ji ƙwan-ƙwan daga ɗakin ƙurya. Inna ce. Tunda magana ta gagare ta, an ajiye mata kofin ƙarfe da cokali kusa da hannunta mai lafiya, da shi take kira. Auta ta ajiye biro ta ruga. Kafin ta dawo malam ya haye wani tudun, ta zauna tana kallon lambobi kamar baƙuwa a gidan biki.

Matar Yaya tana cikin gidan, kar wani ya ɗauka babu kowa. Tana jin ƙarar cokalin sarai. Amma ita bayanta na ciwo tun haihuwar ƙaramin ɗanta, ciwon da ba ya tashi sai an ce a ɗaga Inna. Kuma, in ji ta, suruka ba uwa ba ce, idan ta taɓa ta wani abu ya faru, da wane baki za ta kare kanta a wajen dangin miji? Akwai yayarsu mace da ke aure a wani gari, ita ta waya take yin jinyarta. Kullum sai ta kira ta lissafa wa Auta abin da za a ba Inna da abin da ba za a ba ta ba, ta rufe da cewa da tana kusa da ba ta bar wa kowa wannan ladan ba. Shi kuma Yaya namiji ne, yaya za a yi ya ga jikin mahaifiyarsa? Kowa da hujjarsa a goge tsaf, kuma duk hujjojin kan mutum ɗaya suke sauka.

Inna bakinta ne ya mutu, hankalinta yana nan. Ta lura da abin da cokalinta yake jawo wa 'yarta, sai ta daina bugawa. Da zarar ta ji Auta ta ɗauki kujerar nan, sai ta yi shiru har a tashi aji. Kwanakin nan na ga Auta tana murmushi, har ta ce min, "Gwaggo, na fara gane kan abin nan." Ashe Inna, baiwar Allah, kwanciya take yi cikin jiƙa, ta danne, ba ta motsi. Ba a daɗe ba bayanta ya yi gyambo.

Nas ɗin da ke zuwa duba Inna ita ce ta gani, ta yi faɗa sosai, kuma a gaban Yaya ta yi. Abin da ya ƙona masa rai ba gyambon ba ne, a gaban baƙuwa aka ce an yi sakaci a gidansa. Nas na fita ya tsaya a tsakar gida ya wanke Auta tas. Ya ce ta fifita takarda a kan uwar da ta haife ta. Ta ce masa cikin ladabi idan ta yi fashi da yawa ba za a bar ta ta zauna jarrabawa ba. Ya tambaye ta yadda malamin yake sanin wanda ya zo. Ta ce sunayen da suka fito a allo yake dubawa.

"Yana ganin fuskarki?"

"A'a, Yaya. Yawanci kowa a kashe yake barin kyamara."

"Yana kiran suna?"

"Bai taɓa ba."

Sai ya yi dariya irin ta wanda ya gano dabarar da ta gagari mutanen gari. Ya ce ai shi ke nan, matsala ta ƙare. Ta shiga ajin, ta kashe kyamara, ta kashe murya, ta jingina wayar a taga, ita kuma ta wuce ɗakin Inna. Suna suke so su gani, ga suna nan. Karatu kuwa ta yi shi daga baya, ai wuni yana da tsawo.

Tun daga ranar ni na zama ɗalibar. Wayar tana jingine a tagata, malam yana zuba, ni ina taka keke. Na sha lakca har na ƙoshi, ban gane ko alif ba, sai dai na san lokacin da yake kurɓar ruwa da lokacin da ƙofar ofishinsa take ƙara. Ita kuwa mai sunan tana can ƙurya da baho da tsumma, inda ko sautin ba ya kaiwa. Ta roƙa a dawo da gadon Inna ɗakin gaba, kusa da sabis. Aka ce wannan falo ne, a nan Yaya yake karɓar baƙi, ba za a shigo ana jin warin jinya ba.

Wunin da aka ce yana da tsawo ban ga tsawonsa ba. Ana gamawa da Inna sai girki, don matar Yaya ta fita shagonta. Yara su dawo daga makaranta, a cire musu kaya, a ba su abinci, a raba faɗa. Ga wankin zannuwan Inna da ba ya ƙarewa. Duk wanda zai fita daga gidan sai ya bar mata saƙo, kuma da kalma ɗaya suke farawa: tunda kina gida. Da tana fita da jaka kowace safiya kamar sauran 'yan makaranta, babu mai tare ta a ƙofa ya miƙa mata tsintsiya. Amma karatun da ba a sa masa takalmi, a gidan nan ba a ɗauke shi karatu ba.

Wani lokaci da la'asar takan tsaya jikin taga ta karanta min ƙorafin 'yan ajinsu a guruf. Wannan ya ce ya tura tambaya mako ya zagayo ba amsa. Wancan ya ce malam maki kawai yake sa wa aiki, ba ya faɗa maka inda ka karkace. Wata ta ce ita dai ya riƙa tsayawa yana tambaya ko an gane. Na ce mata ke fa, me kike so ya yi?

Ta murza gefen mayafinta, sannan ta ce, "Ni Gwaggo, so nake ya kira sunana. Sau ɗaya. Ya yi min tambaya, ya ji shiru, ya ce ina yarinyar nan take? In ya tambaya zan faɗa masa. Amma ni ba zan iya farawa ba."

Na san dalilin da ya sa ba za ta iya farawa ba. Ana naɗar kowane darasi, amma malamin ba ya buɗe wa kowa, sai wanda bai zo ba kuma ya kawo uzuri. Ya ce idan ya sake wa kowa, babu mai zuwa aji. Auta ta taɓa tura masa saƙo tana roƙon ya ba ta na makonnin baya. Sai da aka kwana biyu amsa ta zo, gajeriya: naɗin na waɗanda ba su halarta ba ne, ke kuwa ba ki taɓa fashi ba. Dabarar Yaya ta rufe mata ƙofar da aka bar wa marasa zuwa. Idan tana son naɗin sai ta ce ba ta nan, idan ta ce ba ta nan ta amsa cewa sunan banza take ajiyewa, kuma sai ta faɗi abin da ya hana ta. Da ta gwada yi wa Yaya wannan bayanin, cewa ya yi, wato ta je ta gaya wa duniya sun kasa riƙe uwarsu? Ya ce maganar gida a gida take kwana, kar ya kuskura ya ji.

Wata 'yar ajinsu ta tausaya ta turo mata hotunan abin da malam ya nuna a allo. Lambobi ne da zane-zane, babu bayanin da ya haɗa su. Takan zuba musu ido tana tsaye tana jiran ruwa ya tafasa.

Ni dai haƙurina gajere ne. Na tare Yaya wata safiya yana goge motarsa a ƙofar shago. Na ce, Maigida, yarinyar nan za ta rasa karatunta kana kallo. Na ce ni zan rufe shago lokacin darasin in zauna da Inna, ba na son ko sisi, tsohuwa ce kamar uwata. Ya gode min da baki mai zaƙi. Ya ce amma bare ba zai ga tsiraicin mahaifiyarsu ba alhali ta haifi mace. Ya ce me mutane za su ce, an bar wa 'yar haya uwa? Na ce to a ɗauko mai jinya. Ya ce 'yan aikin yanzu ba amana, kuma wa zai kula da uwa kamar 'yarta? Ya ce shi ya biya kuɗin makaranta, shi yake sa data, wayar ma shi ya saya, me kuma ya rage? Sannan ya ninke tsummansa, ya tambaye ni ko ina jin daɗin zama a shagon, don akwai masu nema. Na gane karatun, wannan kam ba sai an naɗa min ba.

Auta ta rame. Idonta ya faɗa, hannuwanta suka yi kaushi saboda sabulu. Ta daina karanta min guruf. Da safe ta zo ta jingina wayar, ta ce ina kwana Gwaggo, ta juya. Inna kuma ta samo kalma ɗaya da harshenta yake iya ɗauka. Idan hantsi ya yi, sai ta sa hannunta mai lafiya ta tura Auta wajen ƙofa, ta ce, "Aji." Auta ta ce mata to Inna, yanzu, ta ci gaba da matse tsumma. Ita ta ba ni wannan labarin, ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Ranar darasin ƙarshe kafin jarrabawa, na ga ta zo da kujerar tsugunno. Na ce yau kuma? Ta ce ta shirya Inna tun da sassafe, matar Yaya kuma ta yarda za ta sa kunne. Ta ce yau za ta yi magana, ko Yaya zai yanka ta. Akwai wani ɗan hoton hannu da ɗalibi yake dannawa idan yana son magana, ta danna shi tun malam bai gama sallama ba. Ta nuna min ta raga, ga hannun nan a ɗage kusa da sunanta.

Malam ya fara. Ya buɗe lambobinsa suka cika masa allo, yana bi yana wucewa. Hannun yana ɗage. Auta ta zauna a bakin kujera, yatsanta kusa da wajen buɗe murya, leɓenta yana motsi tana bitar abin da za ta ce. Na daina taka keke don kar ƙara ta dame ta. Aka yi nisa bai duba ba. Tarbiyya ta hana ta katse babba yana magana, haka aka koya mata a gidan da ya cinye ta.

Can sai muka ji faɗuwar kofi daga ƙurya, da wani irin tari mai shaƙewa. Matar Yaya ta leƙo daga ɗakinta da waya a kunne, ta ce, "Auta, duba Inna mana, kamar ta ƙware." Ta koma ciki. Auta ta dubi wayar, ta dubi ƙofar ɗakin. Ba ta daɗe tana zaɓa ba.

Ko minti biyar ba ta yi da tashi ba malam ya rufe lambobinsa. Na ji ya ce, af, ashe akwai hannu a sama. Sai ya kira sunanta, cikakke, da na mahaifinta. Ban taɓa jin sunan nan ya fito daga wayar ba sai ranar.

"Muna sauraron ki," ya ce.

Na miƙe na kama ƙarfen taga. Na ƙwala mata kira, tarin Inna ya danne muryata. Sai na juya kan wayar kamar mahaukaciya, na sa baki a raga na ce, Malam, tana ɗaki, uwarta ce ba lafiya, ta daɗe ba ta zauna ajinka ba, ka tambaye ta! Muryar a kashe take. Wayar tana nan tazarar yatsa da ni, raga ta hana ni taɓa ta.

Ya jira kaɗan. Ya sake kiran sunan. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce wataƙila sabis ne, ko kuma hannu ne ya taɓa bisa kuskure. Ya sauke hannun da kansa. Ya ce kafin a tashi yana so ya yaba wa waɗanda ba su taɓa fashi ba tun farkon zango, irin su ne suke ƙarfafa wa malami gwiwa. Sunanta ne na farko. Ya yi wa kowa fatan alheri, allon ya yi duhu.

Da ta fito, rigarta a jiƙe, na gaya mata duk abin da ya faru. Ta ce, "Ya kira?" Na ce ya kira, har sau biyu. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki kujerarta ta mayar inda take.

Ta zauna jarrabawa, tunda mai cikakkiyar halarta ce, wa zai hana ta? Sakamako ya fito yadda duk mai hankali ya san zai fito. Makaranta ta sallame ta. Malamin, don kar a ce bai damu ba, ya turo mata saƙo. Ya ce ya yi mamaki ƙwarai, ɗalibar da ta halarci kowane darasi, da tana da matsala ai da ta yi magana, ƙofarsa a buɗe take kullum. Ban ce mugu ba ne. Amma mutum ya yi zango guda yana magana da baƙaƙen akwatuna a allo, bai taɓa ƙwanƙwasa ko ɗaya ya ji ko da mutum a ciki ba, sannan ya ce ƙofarsa a buɗe take.

Saƙon nan ya yi wa Yaya daɗi fiye da kowa. Ya sa ta tura masa, duk ɗan uwan da ya zo gaida Inna sai ya karanta masa a falo. Ya ce kun ji dai daga bakin malaminta, ba ta taɓa fashin aji ba, mu mun yi namu. Kai ne kowa da irin nasa, ba kowa Allah ya ba boko ba. Yayarsu ta kira ta ce ta yi haƙuri, wataƙila alheri ne, yanzu sai ta samu natsuwar kula da Inna. Baƙi suna cewa Allah sarki, suna shan ruwan da Auta ta kawo musu. Yaya shi ya ƙirƙiro ƙaryar, shi ya jingina ta a tagata, yanzu kuma ita ce shaidarsa.

Na ɗauka shi ke nan, tagata ta huta. Sai ga shi bayan kwana biyu, da hantsi, na ɗaga kai na ga Auta ta jawo kujerar tsugunno ta zauna. Ta jingina wayar a inda ta saba. Allon a kashe yake. Na ce, 'yar nan, me kike yi?

Ta ce, "Inna ce ta tura ni. Ta ce aji." Ta sunkuyar da kai. "Ban gaya mata ba, Gwaggo. Bari in ɗan zauna, sai in koma in ce an tashi."

Na cire ƙafata daga kan keke, muka zauna, ni ta nan ita ta can, gidan tsit, babu ƙarar cokali. Tsohuwa tana can ƙurya ta danne duk abin da yake damunta don 'yarta ta yi karatu.

Sai labulen ɗakin matar Yaya ya motsa.

"Auta, tunda dai yanzu babu karatun, zo ki ɗauraye min kwanukan nan kafin ki shiga wajen Inna."

Ta ɗauki wayar ta sa a aljihu, ta ce, "To, Anti."